Tambaya: wai jiragen yaƙi ne suka gama da ISIS ko dai labari ake ba mu?

Ɗan_Sabongari:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah masu bin labaran duniya ku warware mana wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisarmu. Maganar ISIS ɗin nan ce ta Iraƙi da Siriya, wadda Larabawa ke kira Da'esh. A 2014 sun riƙe manyan garuruwa har suna cewa sun kafa daula, amma zuwa 2019 aka ce ko ƙauye ɗaya babu a hannunsu. Wasu a cikinmu sun kafe kan cewa luguden wutar da jiragen Amurka da ƙawayenta suka yi ne ya gama da su, wai da za a kawo irin jiragen nan Tafkin Chadi da Sambisa wata ɗaya ya yi yawa an share komai. Wasu kuma suna cewa ƙarya ne, jirgi bai ci gari ko ɗaya ba, Kurdawa da sojojin Iraƙi ne suka yi aikin da jininsu, Bature ya zo ya kwashe sunan.

Ni dai lokacin da abin ya faru ina sakandare, hotuna kawai nake gani a waya. To wanne ne gaskiya? Kuma wa ya ba su izinin shiga sararin samaniyar wata ƙasa su yi ta sakin bam? Sannan mutanen gari da ba su ji ba ba su gani ba ya aka yi da su? A yi min bayani yadda zan fahimta dan Allah, ba zagi ba.

Malam_Na_Rediyo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kowane ɓangare a majalisar taku ya kama wani abu na gaskiya, amma masu cewa wata ɗaya ya isa su ne suka fi yin nisa da ita. Bari in ɗauko maka daga tushe don lokacin kunnena bai rabuwa da rediyo.

Mosul ta faɗa hannunsu ranar 10 ga Yunin 2014, gari na biyu mafi girma a Iraƙi fa, sojojin gwamnati suka tuɓe kaki suka arce suka bar musu motocin Humvee da makaman da Amurka ta ba su. Ƙarshen watan suka shelanta daularsu, bayan 'yan kwanaki shugabansu Abubakar al-Baghdadi ya hau mumbarin masallacin al-Nuri na Mosul ya yi huɗuba duniya ta gan shi. Duk wannan Amurka ba ta saki bam ko ɗaya ba. Sai a watan Agusta da suka afka wa Yazidawa, wasu tsiraru masu addininsu daban, a Sinjar da ke arewacin Iraƙi, suka kashe maza suka kwashe mata da yara, kuma suka doshi Erbil, babban birnin yankin Kurdawan Iraƙi, inda Amurka ke da ƙaramin ofishin jakadanci da ma'aikatanta, to a nan ne Obama ya ba da umarni, aka fara kai hari 8 ga Agusta. Siriya kuma sai a watan Satumba, kuma a daren farko ba Amurka kaɗai ba ce, akwai jiragen Saudiyya da Jodan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain. Faransa da Ingila su ma sun shigo, da farko Iraƙi kawai suke bugu, sai daga baya suka tsallaka Siriya, musamman bayan harin Paris na Nuwamban 2015 da ya kashe mutum 130.

Yanzu in kana so ka gane aikin jirgi ka ɗora garuruwa biyu kan sikeli, Kobani da Ramadi.

Kobani ƙaramin gari ne na Kurdawa a Siriya, jikin wayar iyakar Turkiyya. ISIS ta kewaye shi a Satumban 2014 har ta shiga unguwanni ta kafa baƙar tutarta a kan tudu, kowa ya gama cewa gari ya tafi. Na tuna hotunan da ake nunowa, mutane sun taru a kan tuddai ta ɓangaren Turkiyya suna kallon garin nasu yana hayaƙi, ga tankokin yaƙin Turkiyya a jere a gefe ko motsi ba sa yi, can sai ka ga ƙura ta tashi sama jama'a su ɗau sowa. Abin da ya ceci garin shi ne mayaƙan Kurdawa na YPG suna ciki ba su gudu ba, gida-gida ake gwabzawa, su ne ke gaya wa Amurkawa ga ginin da abokan gaba suke ciki, jirgi ya zo ya daka. ISIS kuma da taurin kai ta yi ta turo mayaƙa da motoci ta fili inda babu wurin ɓuya, ana ta kwashe su. Ƙarshen Janairun 2015 aka fatattake su. Wannan shi ne karon farko da aka karya musu kwarjini.

Ramadi kuwa, babban birnin lardin Anbar na Iraƙi, a Mayun 2015 ta faɗi, wata tara da fara luguden wuta, jiragen nan suna nan a sama ba inda suka je. Motoci suka cika da bama-bamai suka lulluɓe su da ƙarfe suka turo 'yan ƙunar baƙin wake ɗaya bayan ɗaya, sojojin Iraƙi suka janye, har sakataren tsaron Amurka na lokacin Ashton Carter ya fito ya ce sojojin ba su nuna niyyar yin faɗa ba, maganar da ta ɓata wa Bagadaza rai sosai. Jirgi iri ɗaya, matuƙa iri ɗaya, amma sakamako ya sha bamban, bambancin kawai waye a ƙasa.

Inda jirgi ya yi aiki shi kaɗai ba tare da sojan ƙasa ba shi ne wajen kuɗi. Mutanen nan mai suke haƙowa a gabashin Siriya suna sayarwa, tankokin mai su yi layi a hamada suna jiran lodi. A Nuwamban 2015 aka fara ƙona tankokin, hari guda ya ci sama da 100, kuma kafin a buga sai da aka watso takardu daga sama ana ce wa direbobi su fita su gudu tunda yawancinsu 'yan neman abinci ne ba mayaƙa ba. A Janairun 2016 aka daki wani gini a Mosul da suke tara kuɗi, a bidiyon har ana ganin takardun kuɗi suna tashi sama. A wannan tsakanin ne aka samu labarin sun rage albashin mayaƙansu da rabi. Wannan kam aikin jirgi ne ba mai musu.

Amma ƙwato gari, sai da mutane suka taka da ƙafa. Mosul an fara a Oktoban 2016 ba a gama ba sai Yulin 2017, wata tara ana abu ɗaya. Raƙƙa, birnin Siriya da suka mayar hedikwatarsu, daga Yuni zuwa Oktoban 2017. Baghuz, ƙauyen ƙarshe da ya rage a hannunsu a bakin kogin Furat a Siriya, Maris 2019. Dakarun SDF da Kurdawa ke jagoranta sun ce sun rasa mayaƙa wajen 11,000. Hare-haren sama kuma sun haura 30,000 cikin shekara kusan biyar. To ka ga inda maganar wata ɗaya ta kwana.

Maman_Khairat:

Malam Allah ya ƙara lafiya, bayaninka ya fito, amma ka tsallake tambayarsa ta uku kuma ni ita ce ta fi ci min rai. Kullum in ana wannan hira sai a yi ta lissafin jirage da garuruwa kamar ba mutane a cikin gidajen.

Ranar 17 ga Maris 2017 a unguwar al-Jadida da ke yammacin Mosul, an hango 'yan ISIS biyu masu harbi daga ɓoye a saman wani gida, aka kira jirgi ya saki bam, ashe ƙasan gidan cike yake da iyalai da suka fake. Ma'aikatar tsaron Amurka da bakinta ta amsa cewa fararen hula 105 sun mutu, ta ce wai bama-baman da ISIS ta ajiye a gidan ne suka tashi suka rusa ginin. Ko ma haka ne, saboda mutum biyu fa. Kwana da kwanaki ana tono gawarwaki daga ɓaraguzai. Kamfanin dillancin labarai na AP da ya bi bayanan ɗakunan ajiye gawa ya ce fararen hula tsakanin 9,000 zuwa 11,000 ne suka mutu a yaƙin Mosul gaba ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku daga wutar dakarun ƙawance da na Iraƙi.

Raƙƙa kuwa ba a magana, an ce an 'yantar da gari amma kusan kashi 80 cikin 100 nasa ba ya zaunuwa. Amnesty da wata ƙungiya mai suna Airwars sun bi gida-gida suna tambayar waɗanda suka tsira, suka ce fararen hula sama da 1,600 ne hare-haren ƙawancen suka kashe a wannan gari kaɗai cikin wata huɗu. Su kuma dakarun ƙawancen abin da suka amsa a duk yaƙin, Iraƙi da Siriya a haɗe, bai wuce 1,400 da ɗoriya ba, alhali Airwars na cewa aƙalla 8,000. Dubi tazarar dan Allah. Na Baghuz ma da aka buga wa taron mutane a bakin kogi, mata da yara a ciki, ɓoye shi aka yi sai a 2021 da jaridar New York Times ta tono sannan suka yarda mutum 80 sun mutu.

Kar wani ya ce ina kare ISIS, Allah ya tsine wa aikinsu, su ne ke tsare mutane a gidaje su hana su fita, wanda ya gudu su harbe shi ta baya, har mata masu goyo. Da gangan suke cakuɗuwa da jama'a don sun san abin da zai biyo baya. Amma wanda yake sama shi ma ya san da haka kafin ya danna.

Kuma mu nan ba baƙin wannan abu ba ne da za a ce sai mun leƙa Siriya. Rann a Janairun 2017, sansanin 'yan gudun hijira jirginmu ya buga, mutum sama da 100 har da ma'aikatan agaji. Tudun Biri a Disambar 2023 mutane na zaune suna Mauludi jirgi maras matuƙi ya sakar musu, hukuma ta ce 85, mutanen gari suka ce sun fi haka. Duk wanda ke kiran a kawo ƙarin jirage ya fara gaya min wa zai riƙa nuna musu inda za su buga, kuma in an yi kuskure wa za a kama.

Sarkin_Yakin_Zuba:

Ku dai kuna ta wahalar da kanku wlh. Amurka ce ta kirkiri ISIS da hannunta sannan ta dawo tana jefa musu bam don ta saida makamai ta kwashi mai, duk wasan kwaikwayo ne. In ba haka ba ya akai jirgin da ke ganin lambar mota daga sama ya kasa ganin ayarin motocinsu lokacin da suke tafiya Mosul? Ni ba wanda zai rude ni

Malam_Na_Rediyo:

Hajiya kin yi gaskiya, ba ni da abin cewa kan wannan, alkaluman da kika kawo haka suke.

Sarkin Yaƙi, ni ban ga hujjar cewa an zauna a ofis an ƙirƙire su ba, amma laifin Amurka a nan ba ya buƙatar wani ɓoyayyen labari, a fili yake. Ita ta mamaye Iraƙi a 2003 kan makaman da ba a taɓa samu ba. Paul Bremer da aka naɗa ya riƙe ƙasar ya rusa rundunar soja gaba ɗaya ya kori 'yan jam'iyyar Ba'ath ta Saddam daga aiki, dubban ɗaruruwan mutane masu horo da bindiga suka wayi gari ba albashi ba mutunci, daga cikin tsofaffin hafsoshin nan ne wasu suka zama kwamandojin ISIS. Shi kansa Baghdadi ya yi zaman kurkukun Amurka na Bucca da ke Iraƙi a 2004 aka sake shi. Sannan gwamnatin firaministan Iraƙi Nuri al-Maliki ta zo ta ware 'yan Sunni, ta watsar da mayaƙan ƙabilu na Sahwa waɗanda su ne suka kori al-Ƙa'ida daga Anbar a baya, shi ya sa da ISIS ta shigo Mosul mutane da yawa ba su ga dalilin mutuwa don kare Bagadaza ba. Maganar ayarin motoci kuwa, sojojin Amurka sun bar Iraƙi tun ƙarshen 2011, a Yunin 2014 ba yaƙi suke yi a can ba.

Kuma ka lura, kakansu Zarƙawi, wanda ya kafa al-Ƙa'ida ta Iraƙi da daga baya ta zama ISIS, jirgin Amurka ne ya kashe shi a Yunin 2006, aka yi ta murna an gama. A 2010 aka kashe shugabanninsu biyu rana ɗaya. Bayan shekara huɗu suka ci Mosul.

Batun izini da ƙanena ya tambaya, Iraƙi ita ta rubuta ta nemi taimako, nan ba rigima. Siriya ce matsalar, gwamnatin Assad ba ta gayyace su ba, sai Amurka ta fake da sashe na 51 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya mai maganar kare kai, ta ce tana kare Iraƙi ne daga harin da ke fitowa daga ƙasar da gwamnatinta ta kasa hanawa. Masana shari'a har gobe ba su daidaita kan wannan ba. Rasha kuma Assad ne ya kira ta, ta fara nata luguden 30 ga Satumban 2015 da sunan yaƙar ta'addanci, amma mafi yawan bama-bamanta na farko kan 'yan tawayen Idlib da Hama da Halab suka sauka, wuraren da ISIS ba ta da ƙarfi. Kowa da abin da ya kai shi, Turkiyya ma Kurdawan nan da ake yabo su ta fi ɗauka abokan gaba.

Ba_Damagare:

Salamu alaikum. Mu nan Nijar mun ga wannan fim ɗin da idonmu ba a rediyo ba, don haka bari in sa baki. Janairun 2013 masu iƙirarin jihadi suka kama Konna a Mali suna neman gangarowa kudu, Faransa ta turo jirage, cikin 'yan makonni aka karɓe Gao da Tumbutu, shugaban Faransa na lokacin Hollande ya zo Tumbutu ana ta rawa ana ɗaga tutar Faransa. Me ya sa abin ya yi sauri? Don lokacin suna riƙe da gari, suna tafiya cikin ayarin motoci a fili, jirgi na ganinsu. Da suka gane sai suka bar gari suka watse cikin daji, suka koma babura, mutum biyu-biyu, su taru su buga su watse kafin jirgi ya taso.

Daga nan Faransa ta kafa rundunar Barkhane a yankin Sahel, ta yi shekara takwas. Sun kashe manya ba ƙarya, Droukdel na al-Ƙa'ida a 2020, Abu Walid al-Sahrawi na Da'esh ɗin Sahara a 2021. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas da kuɗi sama da dala miliyan 100. Amma duk da haka a Inates Disambar 2019 aka kashe mana sojoji 71, bayan wata ɗaya a Shinagodar 89, jiragen na nan cikin ƙasar. Sannan ga Bounti a Mali, Janairun 2021, Faransa ta ce 'yan ta'adda ta buga, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce taron biki ne, fararen hula 19 suka mutu, Faransa ta ƙi yarda. Irin wannan ne ya sa mutane suka juya musu baya. Faransawa sun bar Mali 2022, sun bar mu ƙarshen 2023, Amurkawa 2024. Kuma don gaskiya, tafiyarsu ma ba ta kawo lafiya ba, Tillaberi har yanzu wuta ake.

Kar a manta kuma da yawa daga makaman da suka rura wutar Mali daga Libiya suka fito bayan jiragen NATO sun taimaka an kifar da Gaddafi a 2011 aka bar rumbunan makamai a buɗe. Shi ya sa mu in aka ce jiragen ƙasashen waje na zuwa sai mun tambayi me zai biyo baya.

Ɗan_Sabongari:

Kai, na gode ƙwarai Malam, na gode Hajiya, da yayana na Damagaram. Ashe abin da zurfi. To amma Malam tunda an ƙwace ƙasar duka a 2019 kuma an kashe Baghdadi, ke nan za a iya cewa an ci nasara ko? Kuma ISWAP ɗin nan tamu ya alaƙarta da su take, ba za a iya yi mata irin na Raƙƙa ba?

Malam_Na_Rediyo:

An rusa daular, wannan nasara ce ba ƙarama ba, wanda ya zauna ƙarƙashinsu ko matan Yazidawa da aka sayar a kasuwa su za su gaya maka. Amma ƙungiyar ba ta mutu ba. Baghdadi ma ba bam daga sama ne ya kashe shi ba, sojojin ƙundumbala aka sauke da jirage masu saukar ungulu a ƙauyen Barisha a Idlib, Oktoban 2019, ya tayar da rigar bam ɗin da ke jikinsa. Bayansa an naɗa wasu an kashe an sake naɗawa. Dubban mayaƙansu aka tara a gidajen yarin Kurdawa, matansu da 'ya'yansu dubun-dubata a sansanin al-Hol, ƙasashensu da yawa suka ƙi karɓarsu, a Janairun 2022 ma sai da suka kai hari gidan yarin Hasaka don su fasa, aka kwashe kwanaki ana faɗa. Reshensu na Afganistan shi aka ɗora wa alhakin harin zauren kiɗa na kusa da Mosko a Maris 2024.

Namu kuwa, Shekau ne ya yi wa Baghdadi mubaya'a a Maris 2015, a 2016 Boko Haram ta rabu biyu da ISIS ta naɗa al-Barnawi a madadinsa, daga nan ISWAP ta kama gabanta, kuma a ƙarshe ba jirgi ne ya kashe Shekau ba duk da sau nawa aka sanar da mutuwarsa, su ISWAP ɗin ne suka ritsa shi a Sambisa a 2021. Irin na Raƙƙa ba zai yiwu a kansu ba don ba su da Raƙƙa. Ba su da babban birni, ba rijiyar mai, ba layin tankoki, suna cikin tsibiran tafki da ciyayi, kuɗinsu daga harajin masunta da manoma da makiyaya yake fitowa, to wanne za ka buga, kwalekwalen mai kamun kifi? Super Tucano 12 da aka sayo daga Amurka suka iso a 2021 suna amfani in mayaƙan sun taru za su afka wa barikin soja ko an gano maɓoyarsu da sahihin bayani, nan kam jirgi na yi musu ɓarna sosai. Matsalar ita ce bayan an buga wa zai je ya zauna a wurin, don in soja ya koma bariki da yamma su ne ke dawowa karɓar haraji da safe, kuma mutumin ƙauye ba zai ba ka bayani ba in ya san gobe shi kaɗai za a bari da su.

In akwai wanda yake Monguno ko Baga ko Diffa a gidan nan ya shigo ya gaya mana yadda abin yake a yanzu, ya fi mu sanin wa ke kwana a waɗancan ƙauyukan.